WURIN TSAYAWA GA GURGU MAI ABIN HAWA: ABIN DA DOKA TA CE DA ABIN DA MU KA GANI A ƘASAR MUSAWA

Ran nan da damina, muna kan yawon duba makarantu a ƙasar Musawa, mu ka ratse wani ofis domin mu karɓi waɗansu takardu. An kwana ana ruwa, harabar ofishin duk ta caɓe. Muna tsaye a baranda sai ga wani malamin makaranta ya shigo a kan babur mai ƙafa uku, irin wanda masu walda su kan gyara wa mutumin da ƙafafunsa ba su da ƙarfi. Ya kewaya sau biyu yana neman inda zai tsaya kusa da ƙofa, bai samu ba, domin motocin manya da baburan masinjoji sun riga sun cika gindin baranda. Tilas ya koma can bakin katanga ya kashe babur. Ya rataya jakar takardunsa a wuya, ya sa silifa a hannu biyu, ya sauko ƙasa, ya jawo jiki cikin taɓo har ƙofa. Mun ƙiyasta tafiyar ba ta wuce yadi hamsin ba. Da ya iso, farar rigarsa ta koma ja daga gwiwa zuwa ƙasa, ga shi kuwa gaban manyansa zai shiga ya yi magana a kan ƙarin girma.

Duk waɗanda ke barandar sun yi masa sannu, har da mu. Babu wanda ya yi masa mugunta da gangan. Amma kuma babu ko ɗaya daga masu motocin nan da ya san cewa tun watan Janairu na 2019 akwai dokar ƙasa da ta ce a keɓe wa irin wannan mutum wurin tsayawa a filayen ajiye motoci na jama'a. Wannan ne dalilin da ya sa mu ka ga ya kamata mu jawo hankalin masu karatu bisa ga zancen.

Kafin mu yi nisa, ga wata 'yar magana a kan suna. Yanzu an fi son a ce “masu buƙata ta musamman”, kuma ba mu ƙi ba. Amma sunan ya haɗa makaho da kurma da gurgu wuri guda, alhali kuwa buƙatarsu ba ɗaya ba ce. Mu a nan muna zancen wanda tafiya ke yi wa wuya ne. In mun ce gurgu ba da raini mu ka faɗa ba, gama su da kansu suna da sarauta mai wannan suna a garuruwanmu tun kaka da kakanni, watau Sarkin Guragu.

“AI MUSAWA BA IKKO BA CE”

Mun san abin da waɗansu za su fara cewa. Za su ce wannan magana ta manyan birane ce, inda a ke rububin wurin ajiye mota har da biyan kuɗi, amma Musawa da Jikamshi da Matazu ga fili nan ko'ina, kowa ya tsaya inda ya ga dama. Gaskiya ne akwai fili. Sai dai yalwar fili ba ita ce buƙatar gurgu ba. Abin da ya ke bukata iri biyu ne: kusa da ƙofa, da kuma sarari a gefen abin hawansa inda zai buɗe ƙofa sosai ya fito da sandunansa ko kujerarsa mai taya. Fili mai faɗin gona a bayan gari bai amfana masa kome ba in bakin ƙofa a cike ya ke.

Ban da haka, wanda ya ce ba a cunkoso a wannan yanki bai je kasuwa da kaka ba. Ƙasar nan tun daga Musawa har Malumfashi da Funtuwa ƙasar noma ce, ta masara da dawa da waken soya da auduga, kuma da an yi girbi manyan motoci su kan tsaya hanci da gindi a bakin kasuwa suna lodi, 'yan dako na kai da kawowa, amalanke da baro da babura sun toshe kowace kafa. Haka bakin asibiti ya ke ran ganin likita, haka bakin banki ran albashi, haka masallacin Juma'a. A irin waɗannan wurare mai ƙafa ya kan ajiye abin hawansa nesa ya ratsa ta tsakanin motoci, ya tsallake lambatu, ya isa cikin minti biyu. Wanda ke tafiya da hannu kuwa tsayinsa bai kai tayar babbar mota ba, direban da ke ja da baya ba ya ganinsa a madubi. Saboda haka zancen ya wuce na ɓacin riga, ya kai ga na rai.

Su wane ne mutanen? Da yawansu shan inna ce ta taɓa su tun suna yara. Masu karatu za su tuna da 2003, sa'ad da a ka dakatar da allurar rigakafin shan inna a waɗansu jihohin Arewa saboda jita-jita, Kano ba ta koma ba sai tsakiyar 2004, cutar kuwa ta sami ƙofa ta bazu. An sha fama kafin a ci ƙarfinta. A 2016 a ka ga ƙwayar cutar ta asali karo na ƙarshe a ƙasar nan, a Jihar Borno, kuma ran 25 ga Agusta 2020 a ka ba da shaidar Afirka ta rabu da ita. Amma kawar da cuta ba ya miƙar da ƙafar da ta riga ta shanye. Yaran da ta kama a shekarun nan na bayan 2003 yanzu sun kai shekara 18 ko sun wuce, watau sun isa karɓar lasin tuƙi. Suna ɗinki, suna gyaran waya, suna sayar da kaya a shago, waɗansu suna kwalejin horon malamai. Sai a haɗa da waɗanda su ka rasa ƙafa a haɗarin mota ko babur, da waɗanda ciwon sukari ya sa a ka yanke, da tsofaffin da ɓarin jiki ya shanye, da kuma waɗanda harsashin 'yan bindiga ya naƙasa a 'yan shekarun nan da kudancin Katsina ya sha wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna da wata babbar naƙasa. Ba duka ne guragu ba, amma ƙasar da ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da 170,000, kamar Musawa, ba za a ce waɗanda tafiya ke yi wa wuya a cikinta 'yan kaɗan ba ne.

ABIN DA DOKA TA CE

Majalisar Ƙasa ta gama aikin dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu a 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a Janairu 2019. Tun 2010 Nijeriya ta riga ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 a kan haƙƙin naƙasassu, wannan doka ita ce ta kawo alkawarin gida. Ta taɓa abubuwa da yawa: ilmi kyauta har sakandare, kashi 5 cikin 100 na guraben aikin Gwamnati, fifiko a layi, da gyaran gine-ginen jama'a yadda mai kujera zai shiga. An ba da wa'adin shekara biyar domin gyaran gine-gine, wa'adin ya cika a Janairu 2024.

Sashe na 12 shi ne namu. Ya ce a kowane filin ajiye motoci na jama'a a keɓe wurare masu dacewa, a yi musu alama sosai, a bar wa naƙasassu. Wanda ke riƙe da filin in ya ƙi keɓewa, tararsa naira 1,000 kowace rana har ya gyara. Mai lafiya da ya tsaya a wurin, tararsa naira 5,000, haka kuma wanda ya toshe wurin da gangan. In kuwa direba lafiyayye ne amma naƙasasshe ya ɗauko, ba shi da laifi.

Akwai wani sharaɗi a cikin sashen wanda shi ne ƙashin bayan maganar, mutane kuwa ba su cika lura da shi ba. Doka ta ce naƙasasshe ba shi da ikon tsayawa a wurin da a ka keɓe sai motarsa tana ɗauke da alamar da ta dace. Aikin ba da alamar shaida an ɗora shi a kan Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa, wadda dokar ta kafa, wadda kuma ta fara aiki a 2020 da James Lalu a matsayin babban sakatare. A 2024 a ka naɗa Ayuba Gufwan na Jihar Filato, wanda shi kansa shan inna ta taɓa, kuma ya shekara da shekaru yana ƙera kekunan guragu a Jos yana rabawa kyauta. Ke nan mutumin da ke kan kujerar ya san ciwon daga ciki.

To, ga inda gizo ke saƙa. Haƙƙin yana rataye da alama, alama kuwa tana hannun hukumar da hedkwatarta ke Abuja. Cikin duk yawon da mu ke yi tsakanin Musawa da Malumfashi da Funtuwa ba mu taɓa cin karo da gurgu mai babur ko mai mota da ya nuna mana irin wannan alama a jikin abin hawansa ba, kuma malamin nan da mu ka ba da labarinsa bai taɓa jin akwai ta ba sai a bakinmu. An ba mutum ɗaki, an kulle, an tafi da mabuɗi.

Tarar ma ta tsufa tun ba ta yi aiki ba. A 2019 mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, watau naira 5,000 kashi ɗaya ce cikin shida na albashin wata. Da a ka mai da shi naira 70,000 a 2024 sai ta koma ɗaya cikin goma sha huɗu. Mai babbar mota ba zai ji zafin wannan ba. Amma mu ba mu damu ƙwarai da girman tara ba tukuna, domin ba a cin mutum tara a kan wurin da ba a shata ba.

YADDA WAƊANSU ƘASASHE SU KA YI

Ingila ta daɗe da shiga wannan aiki. Wani wakilin majalisa mai suna Alf Morris, wanda mahaifinsa ya dawo daga Yaƙin Duniya na Farko a naƙashe, shi ya kawo dokar 1970 ta marasa lafiya da naƙasassu. Daga cikinta a ka fito da kati mai ruwan lemo a 1971, wanda a ke ajiyewa a bayan gilashin gaba na mota. A 2000 a ka sake masa launi ya koma shuɗi. Hukumar gari ce ke ba da shi, ba babban birni ba. Yana ɗauke da hoton mai shi, yana da ranar ƙarewa, kuma na mutum ne ba na mota ba: ko motarsa ya shiga, ko ta ɗan'uwansa, ko tasi, da katinsa ya ke tafiya. Mai katin yana iya tsayawa har awa uku a waɗansu wuraren da a ka hana sauran mutane tsayawa. Wanda ya ari katin wani ya yi amfani da shi ba tare da mai shi ba, ana iya cin sa tara har fam 1,000. A 2019 su ka faɗaɗa shi ya haɗa da masu lalurar da ido ba ya gani.

Wani abu na tarihinsu zai ba mutanenmu sha'awa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Gwamnatin Ingila ta riƙa ba guragu wata 'yar mota shuɗiya mai ƙafa uku, mai ɗaukar mutum ɗaya, wadda a ke tuƙawa da hannu. Ƙanwar baburan nan ce da masu waldarmu ke haɗawa. Daga baya a ka ga tana da haɗari, kuma tana ware mutum daga iyalinsa tun da ba ta da wurin zaman wani, sai a ka daina ba da sababbi a 1976, a ka janye sauran daga hanya a 2003. A madadinta su ka kafa tsarin taimaka wa naƙasasshe ya sami mota irin ta kowa a gyara masa ita.

A Amurka kuwa hanya biyu su ke bi. Kowace jiha tana ba da lambar mota ta musamman mai alamar kujera mai taya, tana kuma ba da kati wanda a ke ratayewa a madubin cikin mota, na dindindin da na wucin gadi ga wanda ya karye ko a ka yi wa aiki. Bisa ga ƙa'idodin dokarsu ta 1990, filin da ke ɗaukar mota 25 ko ƙasa da haka tilas ya keɓe wuri ɗaya, mai faɗi, da sarari a gefe domin saukowa, kuma ya zama shi ne mafi kusa da ƙofar da mai kujera zai iya shiga. Ita alamar kujerar, fara a kan shuɗi, wata ɗaliba 'yar Denmark mai suna Susanne Koefoed ce ta zana ta a 1968, yanzu duniya duka ta san ta.

LAMBA KO KATI?

Wanne ya fi dacewa da mu? Mun yi ta juya maganar, kuma ra'ayinmu ya fi karkata ga kati mai bin mutum. Dalili shi ne, cikin guragu goma da mu ka sani a ƙauyukan nan da wuya a sami ɗaya mai motar kansa. Sauran ƙane ne zai ɗauko su a babur, ko su hau Keke Napep, ko maƙwabci mai mota ya taimaka ya kai su asibitin ƙashi na Dala a Kano ran da likita ya sa musu. In an ce sai lambar mota, an yi dokar domin attajirin gurgu ke nan kaɗai. Har wa yau lamba tana manne da mota ko mai ita yana ciki ko ba ya ciki. Ɗansa lafiyayye zai ɗauki motar ya tafi kasuwa ya tsaya a wurin guragu, ba mai iya ce masa kome. In an sayar da motar, lamba ta bi ta. Akwai kuma waɗanda ba su son a yi musu shela a jikin mota dare da rana, musamman mata, da masu bin hanyoyin da ba su da aminci. Kati kuwa a aljihu ya ke, sai in ana bukatarsa a fito da shi.

Amma lamba tana da nata wuri, watau a jikin babur mai ƙafa uku da motar da a ka sake wa birki da totur domin hannu. Irin wannan abin hawa ba mai tuƙa shi sai mai shi, saboda haka babu tsoron aro. Alama a bayansa za ta gaya wa direban babbar mota cewa na gabansa ba zai iya dire ƙafa ya kauce da sauri ba, ya ba shi hanya. Za ta kuma rage masa tsayawa a shingen 'yan sanda ana tambayarsa dalilin da baburinsa ya sha bamban da na kowa. Ba sai an ƙirƙiro sabon launi ba. Lambobinmu sun riga sun rabu, rubutu shuɗi na mai zaman kansa, ja na haya, kore na Gwamnati. Ƙaramar alamar kujera a gefe ta isa.

Kada mu ɓoye abin da kowa ke tsoro. Duk abin da a ka ce na alfarma ne a ƙasar nan, masu hali su ke fara mallakarsa. In ba a yi hattara ba, kafin shekara ta kewayo za a ga katin guragu a gilashin motar mai gudu da ƙafafunsa biyu. Maganin wannan ba wuya gare shi ba: hoto a jikin kati, ranar ƙarewa, sa hannun likitan Gwamnati, da rajista wadda kowa zai iya dubawa. Doka ma ta riga ta raba takardar shaidar naƙasa biyu, ta dindindin da ta wucin gadi. A gari kamar Musawa kuwa akwai abin da ya fi hoto ƙarfi, watau kowa ya san kowa.

ZANCEN LASIN

Da yawa daga guragun da ke tuƙi ba su da lasin, ba don sun ƙi doka ba, sai don an sa musu a rai cewa ba a ba irinsu. Wannan kuskure ne. Cikin rukunonin lasin tuƙi na Nijeriya, inda A ta ke ta babur, B ta ƙaramar mota, akwai rukunin J, wanda a ka keɓe musamman domin naƙasassu. Hanyar samunsa ita ce ta kowa: shekara 18, koyon tuƙi, jarrabawa wurin ma'aikatan duba motoci, sa'an nan hoto da yatsu a ofishin lasin, inda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da hukumar tara kuɗin shiga ta jiha su ke aiki tare. Bambancin kawai shi ne ya kamata a jarraba mutum a kan abin hawan da a ka gyara domin jikinsa.

Gyaran kuwa ba sihiri ba ne. Wanda ƙafarsa ta hagu ce ta shanye, mota mai canja giya da kanta ta ishe shi, domin ba ta da kuloci. Wanda ta dama ce, a kan mayar masa da totur hagu. Wanda duka biyu ne, a kan sa masa sanda a gefen sitiyari, ya tura gaba birki, ya jawo baya totur, da ɗan maƙalli a kan sitiyari domin ya juya shi da hannu ɗaya. A babur kuwa a kan cire tayar baya a sa biyu, a dawo da giya da birkin ƙafa zuwa hannu. Makanikai da masu walda na Funtuwa da Kano sun iya wannan aiki, kuma a Kano ƙungiyar waɗanda shan inna ta taɓa, ƙarƙashin Aminu Ahmad Tudun Wada, ta daɗe tana ƙera kekuna masu ƙafa uku da hannunta. Abin da ya rage shi ne dubawa. Walda mai kyau da marar kyau kamarsu ɗaya a ido, sai ran da a ka taka birki a gangara. Muna ganin ba da alama ita ce dama mafi kyau ta duba waɗannan ababan hawa: ka kawo baburinka a duba, a ba ka lasin da alama rana ɗaya. In ma'aikatan za su zo hedkwatar ƙaramar hukuma sau biyu a shekara domin wannan, sun hutar da mutanen da tafiya zuwa babban gari ta fi yi wa tsada fiye da kowa, balle tun da a ka janye tallafin man fetur a Mayu 2023.

AIKIN WA NE?

Ba lalle a zauna jiran Abuja ba. Tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a cikinsu akwai kafa kasuwanni da tashoshin mota da lura da su, akwai kuma ba da lasin kekuna da amalanke da baro. Dattawa za su tuna zamanin En'e, lokacin da kowane mai keke ya kan sayi 'yar lambar ƙarfe kowace shekara ya ɗaura, in ba ya da ita ɗan doka ya kama keken. Hukumar da ta iya bin kowane keke a ƙauye domin karɓar kuɗi, ba za a ce jikanyarta ta kasa rubuta sunayen guragun ƙasarta domin ba su kati ba. Sarkin Guragu ya san mutanensa ɗaya ɗaya, ya san wanda ke da babur da wanda a ke goyowa. Shi da dagatai da likitan asibitin Gwamnati sun isa su fito da rajista cikin wata guda. Katin da ƙaramar hukuma ta bayar zai yi aiki a kasuwarta da tasharta da sakatariyarta tun kafin na ƙasa ya iso, in ya iso kuwa ya tarar da rajista a shirye. Jiha tana da hukumar KASSAROTA mai lura da hanyoyi, ita za ta iya sa katin Musawa ya karɓu a Funtuwa da Katsina.

Shata wurin kuma sai a yi shi yadda ya dace da ƙasarmu. Turawa fenti su ke shafawa a kan kwalta. Mu yawancin harabarmu ƙasa ce, fenti ba ya zama, saboda haka turaku huɗu da allo mai alamar kujera da rubutun Hausa sun fi. A zuba tsakuwa ko marmara a daɓe domin damina, a ɗora faifan siminti a kan lambatu, in akwai matakala a yi gangara a gefenta. Wurin tsayawa da ke fuskantar matakala biyar bai gama aiki ba. A tasha da kasuwa kuwa duk wanda ya san gari ya san ba allo ke tsare wuri ba, 'yan ƙungiyar direbobi da Sarkin Kasuwa ne. In an shawo kansu sun ce wurin nan na guragu ne, ba direban da zai sa tayarsa. Haka limamai da masu gadin masallacin Juma'a.

Mu ma'aikatan ilmi ba za mu nuna wa wasu yatsa mu manta da kanmu ba. Makarantu nawa ne a ƙasar nan su ke da ɗalibi mai zuwa da keken hannu, a kan bar shi ya ajiye keken a bakin ƙofar makaranta tare da na sauran yara, ya ja jiki har aji na can ƙarshe? Mun gani ba sau ɗaya ba, kuma mun wuce ba mu rubuta a rahoto ba, domin babu gurbinsa a takardar dubawa. Wannan shekara mun ƙara tambaya biyu a tamu takardar: ina ɗalibi ko malami gurgu ya ke ajiye abin hawansa, kuma taki nawa ne daga nan zuwa ajinsa. Mun kuma roƙi malaman da ke koyar da alamun hanya su haɗa da alamar kujera mai taya, domin yaron da ke aji biyar yau shi ne ɗan acaɓa da direban gobe.

Da mu ka koma makarantar malamin nan bayan hutu, mun ba hedimasta labarin abin da mu ka gani a ofis, mu ka karanta masa sashe na 12. Akwai wata bishiyar darbejiya a bakin ofishinsa, taki shida daga ajin da malamin ke koyarwa, inda shi hedimasta ya saba ajiye baburinsa a inuwa. Ya sa yara su ka kawo turaku huɗu daga gona, malamin zane ya zana kujera mai taya a jikin wani guntun allo, a ka kafa. Nasa baburin ya koma bayan ɗakin ajiya. Malamin ya tambaye mu inda a ke karɓar lasin rukunin J, da ko za a yarda a jarraba shi a kan baburinsa mai ƙafa uku. Mun rubuta masa takarda zuwa ofishin lasin, ya ce zai tafi in an biya albashi.